Muryar Obdulia

Madrid, 5 ga Fabrairu, 1979

Zuwa ga Herminia,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da ƙanwarki da shagon zarenku. Na san kin gane rubutuna tun daga ambulan, na kuma san hannunki ya riga ya nufi murhu. Dakata. Ki karanta tukuna, wuta ba ta gudu.

Ba na iya magana, shi ya sa na rubuto. Ba kunya ce ta hana ni ba, kin san ni da ita ba mu taɓa gaisawa ba. Ran sha ɗaya ga watan jiya na shiga asibiti a cire mini ɗan ƙari a maƙogwaro, na farka na tarar sun kwashe maƙogwaron ɗungurungum. Yanzu rami ne a wuyana, ta nan nake numfashi, ina yawo da allo da alli kamar 'yar aji ɗaya. Ciwon daji ne, kuma bai tsaya a wuya ba. Ba wanda ya gaya mini. Amma Benita mai ɗinki, maƙwabciyata da ta shekara ashirin tana zagina, yanzu sannu take yi mini. Ai na gane.

Kada ki ɓata hawayenki, mutuwa ba baƙuwata ba ce. Sau ashirin da uku na mutu a fim, sha biyar daga ciki ke kika yi mini nishin. Gurbin da za a zura akwatin gawata a bangon makabarta yana nan tun bara, layi na biyu, don mai kawo mini fure kada ta hau tsani ta faɗo a ce ni ce.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Shekara ashirin da biyar ana ganin fuskata a majigi, ba a taɓa jin muryata ba, tun ranar da aka ce bakina na 'yan ƙauyen Badajoz ne, ina haɗiye rabin magana kamar mai cin dankali da zafi. Shekara sha shida muryarki ce a bakina. Da kika tafi, sai suka riƙa liƙa mini duk wadda ba ta da aiki ranar. To, bara wata yarinya mai suna Inés ta sami fim ɗinta na farko a matsayin darakta, labarin matan wani ƙauye da mazansu suka tafi ci-rani Jamus, ya zama su ke wankan gawa, su ke haƙa, su ke ɗauka. Ni ce tsohuwa mai wankan. Rannan ta ji ina wanke direbanmu tas, sai ta ce, "Doña Obdulia, wannan muryar nake so a fim ɗina, ba wadda za ta taɓa miki ita." Herminia, sai da na shiga banɗaki na yi kuka.

Mun ɗauki hoto yadda aka saba, ba sauti, kyamara na ta ƙara kamar injin niƙa, a kan in an gama kowa ya shiga sutudiyo ya ɗora tasa. An sa mini ran ashirin ga Janairu. Wuƙa ta riga ni.

Na sa an bincika. Babu muryata ko'ina, ko a gidan rediyo, ko a kaset ɗin bikin wani. In na mutu, kamar ban taɓa buɗe baki a duniyar nan ba. Wannan nake tsoro, wallahi tsoro sosai.

Ki zo ki ɗora mini. Amma ba muryarki ta zuma ba. Tawa nake so, mummunar nan, wadda kika sha a kunne lokacin da muke ci a kwano ɗaya. Furodusa ya ba Inés zuwa takwas ga Maris, in ranar ta wuce zai sa wata. Ban taɓa roƙonki komai ba. Yau ina roƙo.

Ki gaida ƙanwarki. Ki huta lafiya.

Obdulia

Valladolid, 10 ga Fabrairu, 1979

Zuwa ga Doña Obdulia Salmerón,

Gaisuwa da fatan samun sauƙi. Takardarki ta iso, kuma ban ƙona ta ba. Na yi baƙin cikin jin rashin lafiyarki, na kuma kunna miki kyandir a coci jiya. Allah ya sassauta.

Game da buƙatarki, ba zan iya ba.

Tunda ciwo bai taɓa ƙwaƙwalwarki ba, za ki tuna ranar da aka ba ki kyautar nan shekara tara da suka wuce. Alƙalai suka ce abin da ya girgiza su shi ne kukan uwa a bakin rijiya. Kwana uku na yi ina wannan kukan a ɗakin da ba taga, har na tofar da jini. Ina zaune a layi na sha huɗu cikin rigar aro. Kika hau kika gode wa darakta, kika gode wa mai gyara miki gashi, har jakin da kika hau a fim ɗin kika gode masa, jama'a suka yi dariya. Jaki, Obdulia. Na jira sunana har kika sauko.

Yanzu shekarata sittin da huɗu. Maɓalli nake sayarwa da zare, kuma kowane maɓalli na miƙa wa mutum yana cewa na gode. Kin sami shekara tara da za ki rubuto layi ɗaya, ba ki rubuto ba sai da kika ga rami. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Madrid cike take da 'yan mata masu iya kwaikwayo. Ki nemi ɗaya.

Ina miki fatan alheri.

Herminia Roldán

Madrid, 17 ga Fabrairu, 1979

Doña Herminia,

Ina gaishe ki da ladabi, ki gafarta mini rubutun, allura na iya ba alƙalami ba. Ni ce Benita, ƙofarmu na kallon ta Obdulia. Ba ta san na rubuto ba, in ta sani za ta jefe ni da allo.

Ta karanta takardarki sau biyu, ta rubuta a allo, "Tana da gaskiya." Daga nan ta juya wa bango fuska. Yau kwana huɗu romo ma sai da faɗa.

Mu bakwai ne muke karɓa-karɓa a kanta, matan gidan. Wata ta dafa, wata ta wanke ramin wuyan, wata ta karanta mata jarida. Ba ta da ɗa, ba ta da miji, to mu fa mene ne amfaninmu? Rigar da za a sa mata ni nake ɗinkawa, shuɗiya ta zaɓa, ta ce baƙi ta sha shi a fim. Sau uku ke nan ina rage ta. Da farko har wasa muke, ta kwanta a gado ta harɗe hannu mu duba ko ta zauna daidai, ta buɗe ido ɗaya ta rubuta, "Wuyan ya yi kama da na rigar limamin coci." Yanzu ko kallon rigar ba ta yi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne laifina ne. Kwana biyu kafin aikin, likita ya ja ni gefe, da yake ni na kai ta. Ya ce komai za a cire, ba za ta ƙara magana ba. Ya ce kada a gaya mata. Kin san yadda muke yi, ba a gaya wa mara lafiya, haka muka yi wa uwata, haka muka yi wa mijina, tausayi ne. Na dawo gida na soya mata kifi, ta yini tana surutu, tana ba ni labarin fim ɗin, tana zagin mahauci. Ina kallon bakinta na san ba ta da sauran kwana. Da na buɗe nawa bakin, da ta je sutudiyon nan washegari da safe ta gama aikinta kafin yamma. Yini ɗaya kawai take buƙata, Doña Herminia, ni na cinye mata shi. Tun daga ranar abinci ba ya mini daɗi.

Ban san abin da ke tsakaninku ba sai na jakin. Ta yi laifi, ai Obdulia ce, wa ta ƙyale? Amma ki zo ki zage ta ido da ido tun tana jin zagi. Likita ya ce ba za ta ga bikin Ista ba. Wannan karon ni ya gaya wa kuma, ni kuma na gaya miki.

Don girman Budurwa Maryamu ki zo. Allah ya tsare hanya.

Mai girmama ki,
Benita

Masaukin bakin tashar Atocha, 26 ga Fabrairu, 1979

Obdulia,

Ina gaishe ki, ina fatan kin ɗan sha romon. Titi biyar ne tsakaninmu amma takarda na aiko, domin ba zan iya tsayawa gaban idanun nan naki in faɗi wannan ba.

Ranar Juma'a da na shigo ɗakinki na zo da zagi cike da jaka, tun daga jirgin ƙasa nake shirya shi. Sai kika ɗaga allo: "Kin tsufa." Shi ke nan, ya zube.

Yau na je sutudiyo. Inés ta sa mini wurin da kike koya wa matan yadda za su wanke ki in kin mutu, kina duka hannun ƙaramar don ta cika gaggawa. Ban taɓa ganin kin yi wasa irin wannan ba, kuma da ina da sauran fushi da ban faɗa miki ba. Aka kashe fitila, na tsaya gaban makirfo, leɓenki ya motsa, na buɗe baki. Muryata ce ta fito, tsaf-tsaf, kamar mai karanta labarai. Na sake. Na shaƙe wuya, na haɗiye ƙarshen kalmomi, sai ta koma ta 'yan barkwanci masu kwaikwayon ƙauyawa. Sau arba'in muka maimaita. Mai ɗaukar sauti ya fita shan taba bai dawo ba. Yarinyar nan ta ce, "Ba komai, Doña Herminia, gobe ma rana ce."

Na manta muryarki. Gaskiyar ke nan. Shekara sha shida aikina shi ne in goge ta in sa tawa, na kuwa goge ta har a cikin kaina.

Akwai wani abu kuma. Daraktanki na farko, wanda ya ce bakinki na 'yan ƙauye ne, bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Tambayata ya yi, "Herminia, bakin yarinyar nan zai gyaru in an koya mata?" Na san zai gyaru, wata uku ya isa. Na ce masa ba zai gyaru ba, a ba ni. Ina son aikin, kuma ina jin haushin fuskar nan taki da kyamara ke so, ni kuwa ba a taɓa cewa in tsaya gabanta ba. Shekara tara ina riƙe da maganar jaki, alhali ni na fara yanka ki, tun kafin likita.

Akwai jirgin Valladolid gobe da ƙarfe biyu. Ki bar Inés ta nemi wata tun da sauran kwana goma. Ki yafe mini in za ki iya, in ba za ki iya ba ban ga laifinki ba.

Herminia

27 ga Fabrairu, da safe

Ke Herminia,

Na gaishe ki. Benita ce za ta kawo miki wannan, kuma na ce in ta ga jakarki a ɗaure ta zauna a kai. Kin ga girman Benita.

Maganar darakta, ai tun a makon da kika faɗa masa, mai ɗaukar sauti na lokacin ya tsegunta mini. Shekara ashirin da biyar da sanina. Me kike tsammani ya sa jaki ya sami godiya ke ba ki samu ba? Rabi ramuwa ce, rabi kuma kunya: in na ambace ki kowa zai san rabin 'yar wasa ce ni. Mun yi kunnen doki. Ba ni da kwanakin da zan kashe a kan yafiya, na yafe, ke ma ki yafe, a wuce wurin.

Kin manta, to sai me? Gidan nan hawa huɗu ne, kuma ba bangon da bai sha muryata ba. Ki zo ƙarfe huɗu, na tara matan.

Obdulia

Madrid, 5 ga Maris, 1979

'Yar'uwata,

Barka da gajiya. Rubutun zai karkace, hannun ya fara yi mini gardama. Allo ya yi kaɗan ga abin da nake son faɗa, shi ya sa na ɗauki takarda.

Ban taɓa sanin haka nake ba sai a makon nan! Mata bakwai sun kewaye gadona kowa na kwaikwayona, ke kina tsakiya da littafi kamar ɗaliba. Benita ta riƙe ƙugu ta leƙa taga: "Kai mahauci, wannan nama ne ko takalmin ubanka?" Matar hawa na uku ta ce, "Ƙarya kike, ba haka take yi ba, ta hanci take farawa sannan ta faɗo ƙirji." Wata ta ce, "Kun manta tarin nan da take yi kafin ta yi ƙarya." Ashe ina tari kafin in yi ƙarya, ba wadda ta taɓa gaya mini, munafukai. Na yi dariya har ramin wuyana ya yi fito, suka tsorata za su kira likita.

Yanzu ga gyara. Cokalin nan da nake buga wa ƙarfen gado, ɗaya na nufin a'a, biyu na nufin kin kusa. Ban buga uku ba tukuna, kuma ba zan buga don tausayi ba. Matsalarki kina jin kunyar muryar. Kina yin ta kina neman gafara. Ni ban taɓa neman gafara ba, uwata ta yi kiran awaki da ita daga wannan dutse zuwa wancan. Ki buɗe baki kamar kowa kurma ne. Jiya da kika ce, "Ku wanke ni da ruwan ɗumi, matsiyata, na mutu ne ban zama dutse ba," saura ƙiris. Sai kika lanƙwasa ƙarshen don ya yi kyau, kika ɓata.

Herminia, ƙafafuna sun yi sanyi tun shekaranjiya. Na wanke gawa a fim, na kuma wanke ta gaske a ƙauye, na san abin da hakan ke nufi. Alhamis ce ranar ƙarshe a sutudiyo. Ko me ya faru a ɗakin nan ranar, ki tafi. Masu riƙe mini hannu bakwai ne, har sun yi yawa, faɗa suke a kan wa za ta rufe mini ido. Mai riƙe mini murya ke kaɗai ce. In kika zauna kina mini kuka aka sa wata yarinya ta yi mini maganar 'yan birni a kan gadon mutuwata, na rantse sai na dawo na zauna miki a shago.

Ina tsoro kada in tafi ban ji ba. Ki yi sauri.

Taki, ko kin ƙi ko kin so,
Obdulia

Alhamis, 8 ga Maris

Doña Herminia,

Ina gaishe ki. Na ba mai gadin sutudiyo wannan ya miƙa miki in kun fito cin abinci. Matan sun ce in ɓoye miki sai yamma kada ki rikice. Na ce na ɓoye sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Ta cika ƙarfe sha ɗaya da kwata. Ba ta sha wuya sosai ba. Cokalin na hannunta, ido na kan ƙofa. Ni na rufe mata idon.

Kada ki zo yanzu. Mun wanke ta da ruwan ɗumi, rigar ta zauna daidai. Ba inda za ta je sai gobe ƙarfe goma. Ki share fuska, ki koma ciki ki gama.

Allah ya ba mu haƙuri.

Benita

Madrid, 9 ga Maris, 1979, da safe

Obdulia,

Ina kwana. Benita ta ce rigar tana da aljihu, a nan zan sa wannan kafin su rufe akwati.

Na gama ƙarfe biyar. Bayan takardar Benita ban ƙara tunanin kyau ko muni ba, haushinki kawai nake ji da ba ki jira ni awa shida ba, na buɗe baki na yi ta zazzaga wa matan cikin majigi. Inés ta juye mini a kaset, ta ɗauko rikoda muka taho gidanku tare.

Kina kwance a tsakiya, matan sun kewaye ki da kofi da 'yar giyar anis, ana ta labarinki. Na ce su saurara su gaya mini gaskiya. Amma na san ko kukan akuya na sa musu za su ce ke ce, don su tausaya mini. Ke da ba kya tausayi kuwa kin yi shiru.

Na kunna. Taga a buɗe take. Ba a yi minti ɗaya ba sai muka ji an banko wata taga a ƙasa. Tsohuwar nan ce uwar mai gadin gidan, Doña Ramona, wadda ta haura casa'in, ba ta gane 'yarta ma, ba ta san kin yi ciwo ba balle mutuwa. Ta ɗaga kai ta kwarara ihu har hawa na huɗu:

"Ke Obdulia! Ki rufe mana wannan bakin naki! An ce mutuwa aka yi a gidan nan, ba ki da kunya?"

Sai Benita ta leƙa ta ce, "Yi haƙuri, Kaka, kin san halinta." Ta dawo ta ƙara wa rikodar sauti.

Kin ji ko ba ki ji ba, ban sani ba. Ga su nan sun zo ɗaukarki.

Sauka lafiya, 'yar'uwata.

Herminia